Kuɗin aiki da babu rasit: sai na biya bayan na bar wurin?

Tambaya: Salamu alaikum. Na yi shekara 4 ina rakiyar kaya a wani kamfanin sufuri a Garwa, ƙasar Kamaru. Da na ajiye aiki sai akanta ya ce ana bina sefa 185,000, kuɗin mai da na 'yan dako a tafiye-tafiyen Marwa da Kuseri, wai ban kawo rasit ba. Sun riƙe albashina na ƙarshe da takardar shaidar aiki. Dole ne in biya?

Mai karatu daga Garwa

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Rashin rasit shi kaɗai bai zama bashi ba. Amma idan ka sa hannu ka karɓi kuɗin kafin ka tashi, nauyin nuna inda suka shiga yana wuyanka, ko da ka bar aikin. Abin da ka kasa kawo hujjarsa suna iya nema. Idan kuwa lissafin ya riga ya wuce gaban maigidanka ya amince da shi a lokacin, su ne za su kawo dalilin tono shi yanzu.

Ka nemi su ba ka lissafin a rubuce, tafiya-tafiya, da rana da adadi, kada ka yarda da dunƙulallen jimla. Sannan ka bi kowace tafiya da abin da ya rage a hannunka: takardar izinin tafiya, tikitin shingen biyan kuɗin hanya, saƙon tura kuɗi ta waya na Orange Money ko MTN, hirarku ta WhatsApp, shaidar direba. Kuɗin mai ba ya wuyar fitarwa, tunda nisan Garwa zuwa Marwa sananne ne, abin da motar ke sha ma haka. 'Yan dako kuwa, wa ya taɓa ganin sun yanka rasit a tasha? Idan shekara da shekaru kamfanin na karɓar lissafinsu da baki, ka kafa hujja da wannan.

Riƙe albashin kuma, dokar ƙwadago ta Kamaru ta 14 ga Agusta 1992, sashe na 75, ba ta bar mai kamfani ya yanki albashi da ikon kansa ba. Ko kuɗin da ya ba ma'aikaci tun gaba ne, sai da umarnin kotu ko amincewar ma'aikacin a gaban sufeton ƙwadago. Takardar shaidar aiki haƙƙinka ce a sashe na 44, ba jingina ba ce.

Ka kai ƙorafi a rubuce ofishin sufeton ƙwadago na Garwa. Idan sulhu ya gagara zai ba da takardar rashin daidaitawa, da ita ake zuwa kotu. Wa'adin neman albashi shekara 3 ne.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne a tsorata su da 'yan sanda, su sa hannu a takardar amsa bashin duka. Cin amana laifi ne a sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na Kamaru, amma sai an nuna ka karkatar da kuɗin. Idan akwai abin da ka san ya rage a hannunka, ka biya shi kaɗai, ka karɓi rasit mai hatimi.