Malam-buɗe-littafi a cikin saurayi

Ɗiyata, saƙonki ya iso, kuma sai da na yi dariya har ƙanwarki ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Wai yaron nan da ya tashi a Ingila ya ce duk sanda ya gan ki yana jin "butterflies in my stomach", kina tambaya ko ciwo ne, kuma ko ya dace 'yar Hausawa ta mayar masa da irin wannan magana. Ta farkon ba wuya. Ta biyun ce ta hana ni barci da wuri.

Ba ciwo ba ne, kada ki tura ɗan mutane asibiti. Haka Turawa ke cewa idan gabansu na faɗuwa, ko ɗalibi a ƙofar ɗakin jarrabawa, ko mai shirin magana gaban taro, ko wanda so ya kama. Wai malam-buɗe-littafi ne ke fiffika a cikinsu. Baturiyar da ta koya mana kiwon lafiya a kwalejin horon malamai mata ta ce idan tsoro ko ɗoki ya zo, jiki kan saki wani sinadari, adirinalin, sai jini ya janye daga hanji ya tafi hannuwa da ƙafafu don shirin gudu ko faɗa, shi ne cikin ke kaɗawa. Mu cewa muke cikina ya ɗuri ruwa, ko hantar cikina ta kaɗa, sai dai namu ya fi karkata ga tsoro, nasu kuwa da ɗan daɗi a ciki.

Kada ki zaci mu ba mu ji ba. A 1973, shekarar da aka daina fam aka kawo naira da kwabo, Malam, Allah ya jiƙansa, ya fara zuwa zance gidanmu a Tudun Wadan Zariya. Bayan isha'i na ji ƙararrawar kekensa Rale, sai ga yaro: "Wai ana sallama da wance." Tuwo na gabana na kasa kai loma. Na ɗaura ɗankwali na kwance ya fi a ƙirga. Aka haɗa ni da mahaifinki, lokacin yana ɗan firamare, ya riƙe fitilar ƙwai zuwa zaure. Na durƙusa can gefe na gaishe su, abokinsa ne ke ta zuba, shi kuma yana wasa da makullin keke, ni ina zanen ƙasa da tsinke. Da za su tafi ya ajiye sabuwar takardar sule biyar bakin tabarma. Ban taɓa ba, ubanki ne ya sure, har yau bai ba ni canji ba.

Da na koma ciki Iya, kakarmu, ta dube ni ta dubi kwanon tuwon, ta ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska." Na ce ni ba komai. Ta ce to bar shi a ba komai ɗin, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A wurinta budurwar da ta zazzage wa saurayi abin da ke ranta ta rage wa kanta daraja, in ma ba a yi auren ba ta bar masa abin ba da labari a majalisa.

Ku yanzu abin da ya motsa a ciki ƙarfe biyun dare, kafin asuba yana wayar wani. Ban ce zurfin cikinmu duk alheri ba ne, na san matan da ya cinye su a ɗakin miji ba wanda ya sani. Amma kunya ado ce, kuma ba na son ki zubar da taki tun magabatansa ba su tako ba.

Shi yaron ɗan wane gida ne? Yana salla? Mahaifinki ya san da zancen, ko ni Goggo aka fara lallaɓowa don in tare miki faɗa? Ki kira ni ranar Juma'a bayan la'asar, kuma ki gaida mamanki.