Matar soja da ciwon da gwaji bai nuna ba: amsa ga ƙanwata ma'aikaciyar lafiya

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki a kan matar da ke yawan zuwa asibitinku can wajen Ringim da ciwon kai, faɗuwar gaba da rashin barci. Kin ce gwajin maleriya bai nuna komai ba, jininta bai hau ba, sai daga baya kika ji mijinta soja ne yana Borno, kuma kina tambaya ko wannan ya shafi aikinki. Ya shafa ƙwarai. Ni unguwarzoma ce, a ƙananan asibitocin karkara na yi aiki har na yi ritaya, maigidana kuma tsohon soja ne, yana cikin waɗanda aka kai Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Na zauna a kujerar da kike kai, na kuma zauna a bencin da take zama.

Ki fara sanin yadda aikin yake. Tun ranar da kurtu ya fito daga horo a Zariya, ba shi da ta cewa a kan inda za a kai shi ko ranar da zai dawo. Yaƙin arewa maso gabas tun 2009 ake yin sa, rundunar da ake kira Lafiya Dole ta koma Haɗin Kai a 2021, wasu kuma suna dazukan Zamfara da Katsina. Mutum kan daɗe a bakin daga kafin a sauya shi, sai dai ya samu fas ya leƙo gida na 'yan kwanaki. Matar da ke bariki, Bukavu ko Janguza a Kano, tana da magajiya, wato shugabar matan bariki, tana da maƙwabta masu irin damuwarta, ga asibitin soja kusa. Ta ƙauye ba ta da ko ɗaya. Tana zaune ne cikin matan da mazansu ke tafiya ci-rani su dawo kafin damina, sai a riƙa ce mata ai kowa ma mijinsa ba ya nan. Ba ɗaya ba ne. Ɗan ci-rani an san ranar dawowarsa, kuma ba a kwana ana tunanin ko yana da rai.

Wayar da ke ɗaure a bakin zaninta, ita ce rabin ciwon. Inda suke sau da yawa babu sabis, sai a yi kwanaki shiru. Cikin shirun nan wani zai turo hotunan hari a WhatsApp, ta zauna cikin dare tana buɗa hoton da yatsu biyu tana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Jikin da ya daɗe cikin fargaba irin wannan ba ya sakewa: zuciya na bugawa, barci ya ƙaura, abinci ya fita rai, kai da wuya su riƙe. Ba ƙarya take yi ba, ba kuma shagwaɓa ba ce. Farasitamol da maganin maleriya karo na uku ba za su taɓa shi ba.

In za ki yi mata tambaya, ki sa uwar mijin ta jira a waje, ko da da hujjar za ki duba cikinta. Kunya ba za ta bar ta ta ce tana kewar mijinta ba, ko sunansa ba za ta kama ba. Ki bi ta gefe. "Yaushe rabonki da jin muryar maigidan?" "Da dare kina runtsawa kuwa?" "Wa ke yi muku cefane?" Ta ƙarshen nan kada ki tsallake ta. Na sha ganin yaro a rame, ma'aunin damtsensa ya nuna rawaya, alamar ƙarancin abinci mai gina jiki, alhali ubansa na da albashi, don katin banki yana hannun wan miji, abin da ya ga dama shi yake miƙawa.

In tana da ciki, maganar izini ita ce gaba da komai. Ki sa a nemi mijin tun yanzu, ta waya ko ranar da ya zo fas, ya faɗa da bakinsa a gaban mahaifiyarsa da yayyensa cewa ya yarda ta je awo, ta haihu a asibiti, kuma in an ce a wuce babban asibiti a wuce ba sai an jira shi ba. A san motar da za a kira, a san wanda zai ba da jini. Zubar jini bayan haihuwa kan iya kashe mace cikin 'yan sa'o'i, ba zai jira sabis ya dawo a Malam Fatori, can bakin daga a Borno, ba.

Sai dawowarsa, wadda mutane ke ɗauka ita ce ƙarshen wahala. Da yawa suna dawowa su zauna lafiya, alhamdulillahi, kada ki ɗauki kowane soja mara lafiya ne. Amma akwai wanda zai dawo ya ƙi zama sai bayansa na jikin bango, idonsa a kan ƙofa. Ya farka tsakar dare jiƙe da gumi yana kiran sunan wani da matar ba ta sani ba. Yara su tayar da nokawut a gidan biki, ko a harba bindigar toka ranar hawan sallah, ka gan shi ya zube ƙasa kafin ya san ya yi. Hayaniyar 'ya'yansa ta harzuƙa shi, daga baya ya fita bayan gida ya zauna shi kaɗai cikin nadama. Na rayu da wani ɓangare na wannan a ɗakina, na kuma san yadda mace kan koyi ajiye kwano a hankali don kada ya yi ƙara. Likitoci na kiransa PTSD idan ya wuce wata guda kuma yana hana mutum rayuwarsa. Ba tsoro ba ne, ba raunin imani ba ne, ƙwaƙwalwa ce ta saba da tsaron rai ta kasa gane cewa an iso gida. Yana kuma jin magani.

Ba zai zo ya ce miki yana da damuwa ba. Da ciwon baya zai zo, ko gwiwa, ko ƙarar da ba ta barin kunnensa tun da wani bam ya tashi kusa da shi. Ki kira shi da muƙaminsa, Kofur ko Saje, ki tambaye shi barci. Ki tambaye shi abin da yake sha don ya samu barcin, ba tare da ɗaure fuska ba, don taramol da wiwi sun shiga gidaje da yawa ta wannan ƙofa. Kada ki taɓa tambayarsa ko ya kashe mutum. Kuma ki riƙe sirrinsa da gaske. Wanda ke bakin aiki yana tsoron maganar ta kai ga manyansa, ga shi asibitin ƙauye kowa ya san kowa.

'Yan uwa za su fara da ruƙiyya, su ce iska ce ya ɗebo a daji. Ni ban taɓa faɗa da addu'a ba, nakan ce a haɗa da asibiti. Abin da ba na yarda da shi shi ne mari da ɗauri da duka, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ma ta kare haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya. Wurin turawa akwai: asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure a nan Jigawa, na Dawanau a Kano da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ga asibitin soja na 44 a Kaduna ga wanda ke cikin kaki. In kin ga tabo a jikin matar, ki tambaye ta kai tsaye ko ana dukanta. In ɗayansu ya ambaci gajiya da rayuwa ko kashe kansa, ranar za a tura shi, tare da wani babba na gidan.

Wadda mijinta ya rasu a daga kuwa, sau da yawa a maƙabartar sojoji ta Maimalari da ke Maiduguri aka binne shi, ba ta ga gawa ba, sai ta gama takaba zuciyarta ba ta gama yarda ba. Ga rigimar takardu, don wasu tun suna samari suka rubuta sunan uba ko wa a matsayin wanda za a nema, ba su sauya ba bayan aure. Ki haɗa ta da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta yankinku, sun san hanyar ofisoshin.

Ita wannan ta wajenki, ki duba mata ƙarancin jini da ciki tukuna. Ki rubuta a katinta cewa miji soja ne yana bakin daga, don wanda zai gan ta bayanki ya sani. Ki ba ta ranar dawowa bayan mako biyu ko da ba ta jin ciwo, ki tambaye ta wa take iya buɗe wa cikinta a gidan ko a maƙwabta. In kin tarar har lokacin kullum tana cikin baƙin ciki, ta daina kula da kanta da yaran, ki rubuta mata takardar zuwa Kazaure, ki kuma yi wa uwar mijin bayani da kanki don a bar ta ta je.