Doki mai zabura da tutsu: me za a saya, me za a bari a shago?

*Malam, ingarmana ɗan shekara biyar ne, lafiyarsa ƙalau, amma ko leda iska ta kaɗo sai ya zabura. Ina ba shi dawa kwano guda da safe, guda da yamma. An ce in sayo masa garin magnesium. In saya? Daga Zariya.*

Alhaji, kafin ka je shago duba abin da kake zuba masa. Kwanon dawa ya haura kilo 2, dawakinmu kuwa yawancinsu tsakanin kilo 300 zuwa 400 suke. Ƙa'idar ita ce hatsi kada ya wuce rabin kilo ga kowane kilo 100 na nauyin doki a ci ɗaya, kuma wannan ga mai aiki ne. Naka yana ɗaure a turke yini guda, ka cika shi da hatsi, ina zai kai ƙarfin? Rage dawar sannu a hankali cikin kwana 10 zuwa 14, domin canjin abinci farat ɗaya yana kawo ciwon ciki. Ka ƙara harawa da ciyawa su kai kilo 6 zuwa 7 a rana, a raba sau uku ko huɗu, ka riƙa fita da shi ko na awa ɗaya ne kullum. In kana tsoron ya rame, zuba man gyaɗa a dusarsa, fara da mililita 50, ka kai 200 cikin mako biyu.

Shi magnesium yana taimakon dokin da ya rasa shi ne kawai. Mai kilo 500 da ba ya aiki giram 7.5 yake buƙata a rana, kuma harawa mai kyau takan biya wannan. In ka nace, nemi magnesium oxide, giram 10 a rana na wata guda. Kashi ya yi ruwa, ka tsaya. Ba canji, ka riƙe kuɗinka.

*Akwai ganyen valerian da chamomile da ake kawowa daga waje. Dokin polo gare ni, za su kwantar da shi? Daga Kaduna.*

Chamomile ba ya cutarwa in kaɗan ne, amma kada ka sa rai da yawa. Valerian yana saukar da doki, shi ya sa hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta sa sinadarinsa cikin abubuwan da ta hana a gasa. Tambayi dokar ƙungiyarku tukuna. Wanda aka rubuta tryptophan a jikinsa kuma ka bar shi: kaɗan yakan ƙara wa wasu dawakin rawar kai, mai yawa yana iya lalata musu jini.

*Sallah ta matso. Wani a kasuwa yana sayar da gari a ƙullin leda, ya ce cokali biyu da safen hawa, ko bindiga aka harba a kunnen doki ba zai motsa ba. Ya ce tsantsar itatuwa ne. Daga Katsina.*

Ɗana, wane itace? Ka tambaye shi? Ganye ko sinadarin abinci na gaskiya sai an yi kwanaki ko makonni ana bayarwa kafin a ga ɗan sauyi, in ma za a gani. Duk garin da zai mayar da ingarma kamar tunkiya cikin awa guda, ka ɗauka maganin sa barci aka daka a ciki, kuma kai ba ka san wanne ba, ba ka san adadinsa ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutum ya kashe dukiya a kan sirdi da jalala da ɗan kai, sannan ya ɗura wa dokin da zai ɗauki ransa abin da ba suna, ba kamfani, ba ranar lalacewa.

Ga abin da ke faruwa. Maganin barci ba ya cire tsoro, ƙafafu da hankali yake kashewa. Dokin zai sunkuyar da kai, ya riƙa jan kofato, amma ƙara mai ƙarfi tana iya farkar da shi ya yi harbi ko ya zabura ba tare da ya san inda yake taka ba. Ka kawo wannan a ranka lokacin jahi, kan kwalta, ga yara cike da gefen hanya. Acepromazine, maganin sa barci da likitocin dabbobi kan yi amfani da shi, yana saukar da ƙarfin bugun jini, abin haɗari ga dokin da ke gumi cikin rana, kuma a ingarma yana iya sa gabansa ya sauko ya ƙi komawa. Mu kuwa kusan duk abin da muke hawa ingarmu ne. Masu tunanin tramadol da danginsa su sani irin waɗannan kan haukata doki ne, ya kama zirga-zirga da rawar jiki, su kuma tsayar masa da hanji.

Abin da za a saya dole ya zo da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, sunan kamfani da adireshinsa, ranar lalacewa, da jerin abin da ke ciki da adadin kowanne. Murfi a rufe ruf. Wanda aka juye a leda don “a sauƙaƙa maka farashi”, a'a. Kuma ko mai lambar ne, ba a gwada sabon abu ranar hawa.

Maganin kiɗa da bindiga sabo ne. Fara tun saura mako shida: mai kalangu daga nesa yayin da dokin ke cin abinci, a matso kaɗan-kaɗan duk bayan kwana biyu, a fita da shi tare da tsohon doki mai natsuwa. In bai saba ba bana, ari wani ka hau.

*Ko kanwa tana kwantar da shi?*

Ba aikinta ba ne. Abin da yake buƙata shi ne gishiri giram 30 a rana da ruwa isasshe, guga biyu zuwa uku ko fiye.

*Dokin marigayi mahaifinmu ne, tun muna yara ba ya da fitina. Wata biyu ke nan yana cizo in an zo ɗaura sirdi. Wane magani zan sayo? Na damu ƙwarai. Daga Maraɗi.*

Allah ya jiƙan Baba, 'yar uwa, kuma kin kyauta da kika lura. Kada ki sayi komai tukuna. Dokin da ya sauya hali da girmansa yawanci ciwo ne yake faɗa miki. A shafa bayansa da inda majayi ke kamawa, a nemi kumburi ko miki. A duba kusurwar baki da harshe, don linzaminmu yana da kaifi, haƙoran tsohon doki kuma kan yi tsini su yanki kumatu. In yana barin hatsi ko ya rame, gyambon ciki na iya zama dalili, musamman in yana daɗewa ba ciyawa a gabansa. Waɗannan duk suna da magani, likitan dabbobi zai tantance. Kafin ya zo, a sauke masa sirdi, a bar harawa a gabansa dare da rana. In kuma kare ya taɓa cizonsa, ko kika ga yawu na dalala, kada kowa ya sa hannu a bakinsa, a kira likitan a ranar.