Tambaya da Amsa: Idan majalisa ta cije, ana iya rusa ta?

TAMBAYA: Baba Malam, gaisuwa da fatan alheri. Gardama muka yi a aji. Wasu sun ce idan shugaban ƙasa da majalisar dokoki suka kasa jituwa har aiki ya tsaya, yana iya sallamar 'yan majalisar gaba ɗaya. Ni na ce wannan kama-karya ne, tunda jama'a suka zaɓe su. Wa ke da gaskiya? Daga ɗalibar lise, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi albarka. Abokanki ba su yi ƙarya ba, amma sai an duba tsarin mulkin ƙasar. A Najeriya shugaba ba shi da wannan iko, dole ya haƙura da majalisa har shekarunta 4 su cika. Mu kuwa a Nijar tsarin Faransa muka ɗauko. Kundinmu na 2010, wanda aka dakatar a Yulin 2023, ya yarje wa shugaba ya rusa majalisa bayan ya shawarci shugabanta da firaminista, a yi sabon zaɓe tsakanin kwana 60 zuwa 90, kuma ba a sake rusawa sai bayan wata 24.

Hikimar ita ce, mai rumfa da yaran rumfa sun saɓa, sai a kira mai jari ya raba gardama. Mai jarin nan talaka ne da ƙuri'arsa.

To amma ni na ga abin da idona, kuma da ɗan garin nan na Damagaram abin ya faru. Mahamane Ousmane ya hau mulki a 1993 da ƙawancen jam'iyyu na AFC. A Satumban 1994 Mahamadou Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista, jam'iyyarsa ta PNDS ta fice daga ƙawancen, rinjaye ya suɓuce. Majalisa ta kayar da gwamnatin sabon firaminista Souley Abdoulaye da ƙuri'ar yanke ƙauna, Ousmane ya rusa ta a Oktoba. Bai taka doka ba ko kaɗan. Aka yi zaɓe a Janairun 1995, 'yan adawa suka samu kujeru 43 cikin 83. Ala tilas ya naɗa Hama Amadou firaminista, Issoufou ya zama shugaban majalisa. Daga nan sai zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Taron ministoci ma ya gagara zama.

Lokacin ina koyarwa, albashi na maƙalewa wata da watanni. Ban manta ba uwargidana ta sayar da kwanonin jerenta a Kasuwar Dole don mu sayi hatsi, mu kuma kullum kunne na jikin rediyo ko manya sun shirya. Ranar Asabar 27 ga Janairun 1996, muna cikin azumi, Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su duka. Har yau abin na min ciwo, don mun sha rana a layi kafin mu samu wannan dimokuraɗiyya.

Na 2009 daban ne, kuma a nan maganarki ta fi ƙarfi. Ba cijewa majalisa ta yi ba. Shugaba Tandja Mamadou na neman tazarce, kotun tsarin mulki ta ce zaɓen raba-gardamar da yake so ya saɓa doka, sai ya rusa majalisa ranar 26 ga Mayu, Ousmane ɗin nan ne shugabanta. A Yuni ya rusa kotun ma. 'Yan adawa suka ƙaurace wa zaɓen Oktoba, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta dakatar da Nijar, sojoji suka karɓe mulki ranar 18 ga Fabrairun 2010.

A ganina, idan kin ji an rusa majalisa, kada ki tsaya kan ko doka ta yarda. Ki duba: an sa ranar zaɓe? Kotu na nan daram? Shugaban zai karɓi hukuncin jama'a ko da bai yi masa daɗi ba? A Senegal, Shugaba Bassirou Diomaye Faye ya rusa majalisa a Satumban 2024, aka yi zaɓe a Nuwamba, jam'iyyarsa ta kwashe kujeru 130 cikin 165, aiki ya ci gaba. Shugaba Macron ya rusa ta Faransa a Yunin shekarar, ya wayi gari da majalisar da ba mai rinjaye a cikinta.

Ki kai wa abokanki waɗannan shekaru, ku tambayi iyayenku inda suke a ranar Asabar ɗin nan ta 1996. Wanda ya ji wani abu daban ya rubuto mini.