Saki da riƙon yara a Faransa: amsa ga wani dattijo a Maradi

Assalamu alaikum Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tambayarku ta iso mu. Ɗanku da ke Liyon ya saki matarsa, babban yaron ya cika shekara bakwai, kuna so a maido jikokin Maradi su tashi a gabanku, shi kuma yana ta jan ƙafa. Ba raini ba ne. In ya yi abin da kuke nema ba tare da yardar uwarsu ba, kurkuku ke jiransa.

Saki a wurinmu nan hawa biyu ne. Na addini muna yin sa kamar gida: dattawa da liman su nemi sulhu, in ya gagara miji ya furta saki gaban shaidu, mace ta yi idda. Amma hukuma ba ta san da wannan ba. Auren da ke cikin takardun hukuma yana nan daram sai doka ta kashe shi. Takardar sakin da aka karɓo a gida ma ba ta wadatar, domin tun 2004 babbar kotun Faransa ta tsayar cewa ba a karɓar sakin da miji ya yi shi kaɗai alhali matar tana zaune a ƙasar. Don haka kada a yi gaggawar ɗaura masa sabon aure a Maradi: ba za a amince da shi ba, amaryar kuma ba za ta samu izinin zuwa ba.

In sun daidaita a kan komai, tun 2017 ba sai an je gaban alƙali ba. Kowa ya ɗauki lauyansa, a rubuta yarjejeniya, a jira kwana 15 na nazari, a sa hannu, a ajiye wurin notar, jami'in da ke tabbatar da takardun doka. Sai dai ba kowace ƙasa ke karɓar sakin da babu hukuncin alƙali a cikinsa ba, don haka mai son takardar ta yi masa aiki a Nijar ya tambayi lauya tun kafin ya zaɓi wannan hanya. In ɗaya ya ƙi, sai alƙalin iyali, kuma rabuwar shekara ɗaya ta isa hujja.

Maganar yara ita ce inda aka fi samun saɓani da gida. A gida an saba yaro yana hannun uwa har wajen shekara bakwai, sannan ya koma gidan uba, kakanni da gwaggonni su riƙe. A nan babu wannan iyakar. Saki yana kashe aure, amma ikon iyaye a kan yaro yana nan na su biyu: makarantar da zai shiga, aikin likita, kaciya, ƙaura zuwa wata ƙasa, duk sai da yardar kowa. Ko auren masallaci kaɗai suka yi, hukuncin ɗaya ne muddin uban ya amsa yaron a meri cikin shekararsa ta farko. Abin da alƙali ke yankewa shi ne inda yaro zai kwana. Ko dai mako nan mako can, in gidajen suna kusa da makaranta, ko ya zauna wurin ɗaya, ɗayan ya karɓe shi ƙarshen mako ɗaya cikin biyu da rabin hutun makaranta. Alƙali yana duba wanda ya saba kai yaron lakkal da likita, girman masauki, lokutan aiki, da wanda ya fi mutunta haƙƙin ɗayan. Wannan na ƙarshe shi ke kayar da mazanmu da yawa. Saƙon WhatsApp guda da uba ya rubuta cikin fushi cewa zai kai yaran Nijar ba za ta sake ganinsu ba, lauyanta zai sa a fassara shi ya ajiye gaban alƙali. Haka dukan yaro da sunan tarbiyya, wanda dokar 2019 ta hana. Yaron da ya yi wayo kuma yana da damar neman a ji ta bakinsa.

Kuɗin ciyarwa yana da jadawalin ma'aikatar shari'a, ko da yake bai ɗaure alƙali ba. Daga albashi ana cire kusan yuro 650 na abin da uba zai rayu da shi, sauran a ɗauki kashi 13.5 cikin ɗari ga yaro ɗaya, ko 11.5 ga kowane in su biyu ne. Mai albashin yuro 2,000 da yara biyu zai biya wajen yuro 310 a wata, kimanin jika 200 ke nan. Tun 2023 CAF, hukumar tallafin iyali, ce ke karɓa ta miƙa wa uwar, kuma biyan bai tsayawa a shekara 18 in yaron yana karatu. Wanda ya wuce wata biyu bai biya ba yana iya shan ɗaurin shekara 2 da tarar yuro 15,000. Baba, in kun ga aiken da yake yi muku ya ragu, ga inda ya tafi, kuma haƙƙin jikokinku ne, addini ma ya ɗora masa.

Ƙin miƙa yaro ga mai haƙƙi ranar da aka tsara laifi ne mai ɗaurin shekara 1. In an riƙe shi a wajen Faransa ya koma shekara 3 da yuro 45,000, kusan miliyan 30 na sefa. Uwar da ta ji ƙishin-ƙishin tana iya zuwa ofishin firefe a hana fita da yaron na kwana 15, kafin alƙali ya sa hani mai tsawo. Alƙalai suna la'akari da cewa Nijar ba ta cikin yarjejeniyar La Haye ta 1980 da ke tilasta maido yaran da aka gudu da su.

Mu ma yana damunmu yaro ya tashi bai san Gulbi ba, bai san kakansa ba, Hausarsa tana ɓacewa. Hanyar da ke aiki ita ce a rubuta zuwan hutu cikin yarjejeniya ko hukuncin: wata ɗaya na babban hutu, Yuli ko Agusta, wa ke riƙe fasfo, wa zai biya jirgi zuwa Yamai da mota zuwa Maradi, rigakafin shawara da maganin zazzaɓi tunda damina ce, da ranar dawowa. In wani dangi ne zai rako su, sai ɗaya daga iyayen ya cika takardar izinin fita. Ku kira uwar da kanku, ko Hajiya ta kira ta, a gaisa, a ba ta tabbacin za a maido su ranar da aka ce, kuma a cika. In aka saɓa a zuwan farko, alƙali yana iya rufe na biyu.