Gashin maraƙina ya koɗe, surukata ta ce kambun baka ne

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Bukuru. Da kuɗin adashe na sayi saniya Rahaji da ɗan maraƙinta, na turke su a bayan gida. Tun da kaka ta wuce gashin maraƙin ya koɗe, jan nan ya koma fatsi-fatsi, ya yi tsaitsaye, kewayen idonsa ya yi fari. Yana zawo jefi-jefi, kuma ya ƙi girma. Uwar kuwa ba ta da aiki sai lasar bango da taunar leda, alhali kanwa ba ta yanke musu. Surukata ta ce kambun baka ne, maigida ya ce in sayar tun kafin in tafka asara. Ni kuma jarina ke nan. Ina mafita?

Mai kiwo, Bukuru

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki kai su kara yanzu. Dillali na ganin gashin nan zai karya farashi, ki dawo da abin da bai kai kuɗin adashenki ba.

Addu'a kam a yi ta, kada ki yi musu da surukarki. Amma jan gashi da ya koɗe, farin zobe a kewayen ido, zawo da rashin girma, duk alamu ne da aka sani na ƙarancin sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, a jikin shanu. Da shi ne jiki ke haɗa launin gashi. A kan farin Bunaji abin kan ɓuya, a kan Rahaji kuwa tun daga nesa ake gani. Nono ba shi da wannan sinadari sosai, maraƙi da ajiyar da ya samu a hanta tun yana ciki yake tafiya. In uwar ba ta da shi, ɗan ne ke fara nunawa. Taunar leda da lasar bango kuma sun fi kama da ƙarancin fosfaras (sinadarin da ke gina ƙashi) ko gishiri, wanda kan tsananta da rani in busasshiyar ciyawa kaɗai ake ci. Ki tsare ledar nan, tana toshe tumbi.

Kanwa tana da amfaninta, sai dai ba ta cike wannan giɓi. Ki nemi dutsen lasa na shanu mai kofa, zinki da fosfaras a shagon maganin dabbobi, ki ƙara da dusa da harawa. In kina da tumaki, kada su lasa, domin kofar da saniya ke ɗauka lafiya tana iya kashe tunkiya. Allurar kofa kuma ba ta ɗan shago ba ce, yawanta guba ne.

Kafin duk wannan, ki kira likitan dabbobi ya ɗebi kashi da jini. Tsutsar ciki da ta hanta suna ɓata gashi kamar haka, kuma in suna nan, duk abin da kika zuba su za ki ciyar. Ki shafa bayan maraƙin da hannunki: in kin ji ɓawo ya manne da gashi, wannan alamar kirci ce, wata cutar fata, maganinsa daban. Ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da ke, tun 1924 aikinsu ke nan.

Ki faɗa wa maigida ya ba ki wata biyu zuwa uku. Cin abinci da zawon za su fara gyaruwa, launi kuwa sai sabon gashi ya fito.

Gwaggo