Kar ka sake ka goge min katin nan

Ka ce fayilolin da aka kawo daga lokeshan sun buɗe a manhajar tace bidiyo ta Premiere amma ɗan'uwansa Resolve ya ƙi karɓarsu, kana so ka mayar da su duka MP4 ka goge na asali don had-dis ya samu wuri. Ɗauke hannunka daga kwamfutar nan tukuna.

Da farko, waɗannan fayilolin da kake son mayarwa MP4, duba sunansu. MP4 ne tuni. Abin da ku yaran yanzu ba ku tsaya kun gane ba ke nan: MP4 da MOV buhu ne kawai. Ko gero ne a ciki ko dawa, sai an kwance. Abin da ke cikin buhun na kyamarar Sony ɗin nan H.265 ne, wato irin matsin da aka yi wa bidiyon, mai bit 10, kuma Resolve na kyauta a Windows ya sha ƙin buɗe irinsa, sai na kuɗi, Studio, mai dala 295. Haka kowane kamfani yake da kishiyarsa. Blackmagic, kamfanin da ke yin Resolve, ya fito da nasa tsarin ɗanyen bidiyo, BRAW, a 2018, Final Cut, manhajar tacewa ta Apple, ba ya buɗe shi sai da ƙarin manhaja, Premiere ma sai ka ɗora masa ɗan abin da Blackmagic ke bayarwa kyauta. Apple ya fito da nasa, ProRes RAW, a 2018 ɗin dai, Resolve ya yi shekaru yana kallonsa kamar bai san shi ba.

Amma maganar gogewar nan ce ta tsaya min a wuya.

Wani furodusa ya taɓa samuna a tsohon shagona na Zoo Road, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Shiri mai dogon zango yake yi, ya yi hayar kyamarar Blackmagic Pocket 4K, sai cika baki yake wai fim ɗinsa zai fi na kowa kala a Kano. Ya ba ni rabin kuɗi, ragowar sai an gama. Na buɗe had-dis ɗinsa, ban ga BRAW ko ɗaya ba. Ƙananan MP4 ne reras. Ashe ƙanin matarsa, wanda aka ɗora a kan kwashe kati don kawai yana da laftof, ya ga katunan suna cika da wuri, sai ya riƙa matse komai da wata manhajar kyauta da daddare yana goge na asali. Kwana goma sha ɗaya yana wannan aika-aika, ba wanda ya leƙa.

Ka san abin da ya zubar? BRAW bit 12 ne. Shi ya mayar da shi bit 8, matakin haske 256 kacal a kowace kala, alhali ko bit 10 yana da 1,024. Ga shi an ɗauka a Log, tsarin da ke fitar da hoton fari-fat kamar an wanke shi da omo, dole sai an ja kala sosai kafin ya dawo hayyacinsa. Ina ja, sararin sama ya rarrabu layi-layi kamar zanen atamfa. Fitowar dare kuwa, fuskar jarumar ta koma dabbare-dabbare. Kuma manhajar tasa ta sauya firem daga 25 zuwa 30, ta share lambar lokaci, sautin da aka ɗauka daban ya ƙi zama a kan baki. Da hannu na riƙa daidaita shi, fitowa bayan fitowa, ina bin tafin allon nan da ake bugawa a farkon ɗauka. Inda ba su buga allo ba ina bin motsin leɓe.

Tun ranar farko na kira shi na nuna masa. Ya ce, "Malam, ai kai gwani ne, ka san yadda za ka yi." Wautata ita ce ban sa ya rubuta min a takarda cewa haka ya kawo kayan ba. Sati uku ina kwana a shago, fetur ɗin janareta daga aljihuna, na mayar da aikin biki biyu saboda shi. Da na gama ya zo da abokansa, suka kalla, ya tashi yana girgiza kai wai na ɓata masa fim, kyamarar da ya biya kuɗi mai yawa ba haka take fitar da hoto ba. Ragowar kuɗina har yau. Abin da ya fi ci min rai, ya saki shirin a YouTube yadda na tace shi, bai taɓa ko firem ɗaya ba, ya cire sunana ya sa na ƙanin matar. Mun haɗu a wata jana'iza bara har yana miƙo min hannu.

To, ga abin da za ka yi. Ka kwafe katin gaba ɗayansa, da duk jakunkunan da ke ciki, ba ka shiga ka tsinto bidiyon kawai ba. Wuri biyu. Kowane kati da jakarsa da kwanan wata, domin Sony tana iya sake fara lissafi daga C0001 a sabon kati, ranar da ka fitar da XML, fayil ɗin da ke ɗauke da jerin tacewarka, daga Premiere zuwa Resolve sai ya ɗauko maka C0001 na wata rana ya liƙa. Kar ka sauya wa fayil suna. In kwamfutar tana nishi, ka yi firoksi, wato kwafi mara nauyi na yin aiki kawai, yadda ake yi kuma ba zan zauna koya maka ba, wata takwas kana nan. In dole sai an juya saboda Resolve, ka juya zuwa tsarin da ba ya zubar da ingancin hoto sosai, DNxHR ko ProRes 422, firem 25 yadda aka ɗauka. Za su fi na asali nauyi, na sani. Had-dis ya cika? Furodusa ya sayo wani, ba kai za ka yi masa tattali da hotonsa ba.

Ku dai komai sauri, kun saba da tace bidiyon minti ɗaya a waya. Je ka kira shi yanzu ka ce terabait 2 muke buƙata kafin Azahar, kuma ka tura masa a rubuce a WhatsApp, ina so in ga ya amsa.